Kwandon Ɗaki na Ashirin da Bakwai

Shekara goma sha tara ina aikin kafinta a ɗakunan kwanan ɗalibai mata. Ƙafar gado, sakata, tagar da ta ƙi rufuwa, duk nawa ne. Akwai kuma aikin da ba a rubuta a takardar ɗaukata ba. Idan ƙofa ta daɗe a kulle ta ciki, an buga an buga shiru, ni ake kira in ɓalle ta. Sau huɗu na yi haka. Biyu daga ciki ba na son tunawa. Duka huɗun kafin a kawo Gwaggo mai shara benenmu ne. Shekara goma sha ɗaya ta yi da mu, ban ɓalle ƙofa ko ɗaya ba.

Gajeruwa ce, mai ciwon gwiwa, kullum cikin zagin matakala take kamar matakalar na ji. Ɗalibai ne suka sa mata Gwaggo, muka bi, har ni da bai fi shekara biyar tsakanina da ita ba. Ba ta yi boko ba, lambobin ƙofa kaɗai ta iya karantawa. Amma ta iya karanta kwandon shara fiye da yadda malaman nan suke karanta takardar jarrabawa.

A lokacin kowane ɗaki yana da kwandonsa. Da safe a fito da shi bakin ƙofa, Gwaggo ta bi ta juye. Kafin ta juye sai ta leƙa. Ɓawon lemo da ledar burodi, lafiya lau. Takardu a yayyage, jarrabawa ta matso. Kwalin maganin ciwon kai kwana biyu a jere, ta riƙe lambar ɗakin a ka. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne kwandon da bai fito ba.

“Mai rai sai ya yi shara, Kafinta,” ta ce da ni wata rana tana hutawa a kan bencina. “Kwana ɗaya ƙiwuya ce. Kwana biyu, wataƙila ta je gida. Ranar ta uku kuma tawa ce.”

A rana ta uku sai ta cire labulen tagar baranda, ta tsoma shi a bokiti, ta kinkimo shi yana ɗiga, ta tsaya a ƙofar ɗakin ta buga da ƙafa.

“Ke ’yar nan, zo ki kama min mu matse. Hannu biyu Allah ya ba ni.”

Ba ta taɓa tambayar yarinya me ke damunta ba. Labule ne mai kauri, mutum ɗaya ba ya iya matse shi, wannan gaskiya ce. Yarinya za ta fito da kumburarrun idanu ta kama baki ɗaya. In an matse, sai a sauka ƙasa a shanya. In an shanya, ga famfo nan kusa, a wanke fuska. In an wanke fuska, Gwaggo tana da shayi a kwalba, kuma ba ta iya shan shayi ita kaɗai, wai maƙale mata yake yi. Wasu a nan suke fara magana. Wasu ba sa cewa komai, washegari dai kwando ya fito. Wadda abin nata ya yi nauyi, Gwaggo ta riƙe hannunta har asibitin makaranta.

“Ni ba likita ba ce,” ta kan ce. “Nawa in fito da ita. Sauran na masu karatu ne.”

Labulen nan ya sha wanki har furanninsa suka goge. Na taɓa tsokanarta, na ce duk makarantar nan babu abin da ya kai shi tsabta, har da shugabanninta. Ta ce in rufe mata baki in je in gyara ƙafar kujerar da na yi wata biyu ina yi wa alkawari.

Sau ɗaya ta gaya min inda ta samo dabarar. Tana da shekara ashirin da ’yan kai ɗanta na fari ya rasu. Ta shiga ɗaki ta juya wa ƙofa baya, wata uku. Masu zuwa ba ta haƙuri suka zo suka gaji. Yayarta ce kaɗai ba ta ce mata ta yi haƙuri ba. Kullum da safe sai ta zo da jiƙaƙƙen bargo ta tsaya a kanta. Gwaggo ta ce ta tsani yayar nan a lokacin kamar ta shaƙe ta. Amma tana tashi ta kama.

Sai aka kawo mana sabuwar shugabar ɗakuna, muna ce mata Madam. Watanta na biyu wata ɗaliba ta ce wayarta ta ɓata, kuma mai shara ce ta shiga ɗakin. Bayan kwana biyu aka ga wayar a aljihun jakar ɗalibar. Ba wanda ya ba Gwaggo haƙuri, dokar da aka kafa saboda wayar kuma ba a janye ta ba: mai shara ba ta buga ƙofar ɗaliba, ba ta shiga. Aka kwashe kwanduna, aka ajiye ƙaton duro ɗaya a gindin matakala. Aka buɗe ofishin ba da shawara can bayan ɗakin karatu, tafiyar minti ashirin. Aka manna takardu masu launi a bango, wai a ja numfashi a ƙirga huɗu, wai kada a yi shiru, a yi magana.

Ba na zagin ofishin. Matar da aka sa a ciki mutuniyar kirki ce, na kafa mata kantar littattafai, na ga yadda ɗalibai suke fita daga wurinta da sauƙi a fuska. Amma ita kaɗai ce ga dubban yara, kuma tana taimakon wadda ta iso ne. Wadda ta kasa sauko da ƙafa daga gado, matar ba ta san da ita ba.

Gwaggo ta je ta sami Madam, ina nan ina gyara makullin durowa.

“Ranki ya daɗe, duron nan ba ya gaya min komai.”

“Ba hira aka ɗauke ki ki yi da shara ba, Baba. Yanzu akwai ƙwararru.”

“To wa zai gaya wa ƙwararrun wace ƙofa?”

“An manna lambar waya a kowane bene.”

“Wadda ba ta iya ɗaga kofi, ita za ta ɗaga waya?”

Madam ta ce magana ta ƙare. Kafin zangon ya fita Gwaggo ta karɓi takardar gargaɗi biyu, duka a kan buga ƙofa. Kowa ya san ta uku ita ce ta sallama.

A ɗaki na ashirin da bakwai akwai wata siririyar yarinya mai karatun likita. Tun ranar da aka kawo ta na ji mahaifinta yana kiranta Likita, ƙannenta na ɗaukar akwati suna Yaya Likita. Ko allura ba ta taɓa riƙewa ba. Sunan ya bi ta har bene. A shekara ta uku ta faɗi babbar jarrabawa, aka ce ta maimaita. Ba ta gaya wa gida ba. Abokiyar ɗakinta ta koma wani bene wajen ’yan ajinsu da suka wuce, ta bar ta ita kaɗai da gado biyu.

Gwaggo ta ɓoye kwando ɗaya tun ranar da aka kwashe. Shi ta miƙa wa yarinyar a bakin famfo.

“Ki riƙa ajiye min a bayan tukunyar fulawar nan. Ko ɓawon ayaba ne. In ban gani ba zan zo in dame ki, kin san halina.”

Wata biyu kwando yana fitowa. Ran wata Talata bai fito ba. Laraba ma haka. Alhamis da safe Gwaggo ta yi abin da doka ta ce, ta je ofis. Madam ta ba ta fom ta ce a cike, kuma mai ba da shawara ta tafi taron ƙara wa juna sani, sai Litinin.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ta shigo shagona ba sallama.

“Ɗauko gudumarka.”

“Gwaggo, kin san sai da sa hannun Madam.”

“Na sani.”

“Ta uku ce fa wannan. Ki bari in je in yi mata magana.”

“Kai Kafinta, tun yaushe ka koma mai magana? Zauna abinka. Ran Litinin sai ka zo da takardarka mai sa hannu, ka ɓalle, ka ga abin da ka saba gani.”

Ta fita. Ba zan yi ƙarya ba, na yi kusan minti biyar a zaune ina kallon katako. Sannan na ɗauki jaka na bi ta.

Na same ta a ƙofar da labule a rungume, ruwa ya jiƙa mata gaban riga. Ta buga da ƙafa.

“Ke ’yar nan, zo ki kama min.”

Shiru. Na fito da guduma, ta harare ni na mayar.

“Na san kina jina. Ba cewa na yi ki yi karatu ba. Ba cewa na yi ki kira babanki ba. Labule ne, ga shi yana ɗiga, gwiwata kuma kin san ta.”

’Yan mata suka fara leƙowa daga ɗakuna. Wata ta sauka da gudu, na san ofis ta nufa. Ruwa ya taru a ƙafar Gwaggo, ya gangara ya shige ta ƙarƙashin ƙofar. Labulen ya yi mata nauyi, ta ƙi ajiyewa, ta ƙi ba ni.

“Ni dai ba inda za ni. In na faɗi a nan ke za ki ɗaga ni, don wannan kafintan ba ya ɗaga komai sai da takarda.”

Ban san tsawon lokacin da muka yi ba. Madam ta iso kan matakala tana kiran Baba, Baba, daidai lokacin da na ji sakata tana motsi. Ni na kafa sakatar nan, na san kukanta. Ƙofa ta buɗe kaɗan. Leɓunan yarinyar sun bushe sun tsage, ɗakin yana warin rufi. Ta miƙo hannu ta kama bakin labulen. Ba ta iya murɗawa ba, ƙafafunta suka ƙi ta, ta zame ƙasa tana riƙe da shi. Gwaggo ta tsallaka cikin ɗakin ta tallafe ta, a gaban Madam da kowa.

Kwana shida yarinyar ta yi a asibiti. Abin da ta gaya wa likitoci game da niyyarta a kwanakin nan uku nasu ne, amma na ga fuskar nas ɗin da ta fito, na gane da an jira Litinin da an makara. Mahaifinta ya zo yana tambayar ina Likita. Gwaggo na zaune a benci ta ce, “Alhaji, yarinyar nan tana da suna, kai ka raɗa mata. Ka shiga da shi.” Ya tsaya yana kallonta, sannan ya shiga. Ya tafi da ’yarsa gida, bayan zango ɗaya ta dawo ta ci gaba. Tana nan, tana zuwa wurin mai ba da shawara duk mako, ta yi ƙiba kaɗan.

Takarda ta uku ta fito tun yarinyar na asibiti. Laifi biyu aka rubuta: shiga ɗakin ɗaliba, da jiƙa baranda yadda wani zai iya zamewa. Na je gaban kwamiti na faɗi abin da na gani. Suka gode min, ban ga wanda ya rubuta ba. Ni ba a ba ni ko gargaɗi ba, tunda gudumata ba ta taɓa ƙofa ba. A taron ƙarshen shekara Madam ta faɗa a lasifika cewa sabon tsari ya ceto ran ɗaliba guda. Aka tafa. Ni na haɗa dandamalin da ta tsaya a kai.

Mako uku da sallamar, surukar Gwaggo ta kira ni. Ta ce tsohuwa ta shige ɗaki, ba ta ci, ba ta magana, sun yi lallashin sun gaji. Na tashi aiki da la’asar, na cire labulen baranda na sa a jaka, ko a rubuta min sata. A tsakar gidansu na roƙi bokiti na tsoma shi, na kinkima har ƙofarta, na buga da ƙafa.

“Gwaggo, zo ki kama min mu matse.”

Ruwa yana bin hannun rigata.

“Kafinta,” ta ce daga ciki, murya a dushe, “ni za ka yi wa dabarata? Ka ji mutum ba kunya.”

“Hannu biyu Allah ya ba ni.”

Na ji gado ya yi ƙara, na ji tana zagin gwiwarta. Ta fito ba ɗankwali, ta dubi labulen, ta dube ni, ta kama baki ɗaya.

“Ba haka ake riƙewa ba, sakarai. Shekara goma sha ɗaya kana kallo.” Ta murɗa, ruwa ya zuba a kan takalmina. “Yanzu wa yake duba musu?”

Na ce babu kowa. Duro ne.

Ta ƙara murɗawa.