Tuwon Inna da Jirgin Bashir

Funtua

Ana sallame Asuba muka fita, ni da ƙanena Bashir. An ɗauke shi koyon tuƙin jirgi mai saukar ungulu, amma Inna ta aiko daga ƙauye cewa ba da yawunta ba. Shi kuwa ya rantse in ba ta sa albarka ba, ya haƙura. Ni ce babba, sai aka ɗora mini kayan lallashi.

Muka sami Golf a tasha, aka cusa mu mu huɗu a baya. A Bakori na saya wa Bashir ƙosai, ko kallo bai yi ba. Yaron da ke cinye kwano ya leƙa na wani!

Malumfashi

A shingen shiga gari soja ya leƙo, ya ce mu wuce. Direba ya ji muna maganar koyon jirgin, ya ce, "Hajiya, ni ma da ɗana ne ba zan bari ba. Abin da ba ya da gefen titi da za a faka?" Na ce, "Malam, ja motarka, kada ka ƙara mini aiki."

Daga nan muka hau babur, muka ratsa gonakin masara zuwa garinmu, ta wajen Gozaki.

Gida

Mun tarar ana suna a maƙwabta. Inna na kan kujera 'yar tsugunno gaban wata ƙatuwar tukunya, tana tuƙa tuwon masara, ƙafarta ɗaya a dogare da dutse. Muka durƙusa muka gaishe ta.

Ta ce, "Auta, na ga abin nan da idona bisa gonar Alhaji, yana tangaɗi. Me zai hana shi juyawa da kai ya kifar?"

Bashir ya ce, "Inna, don Allah ɗan ɗage ƙafar nan, ki ci gaba da tuƙi."

Ta harare shi, ta ɗage. Tana danna muciya, sai kujera ta murɗa da ita gefe. Mata suka kwashe da dariya.

Ya ce, "To haka jirgin yake. Inji na juya babbar fankar sama, ita kuma tana neman juya jirgin ta ɗaya gefen. Ƙaramar fankar da ke wutsiya ita ce ƙafarki da dutsen nan."

Inna ta mayar da ƙafarta kan dutsen. Can ta ce, "In ƙaramar ta mutu fa?"

Bashir bai ɓoye mata ba. "Yana faruwa. Sai a cire ƙarfin inji, juyin ya tsaya, iska ta riƙa kaɗa babbar har a sauko."

"Wato a saki muciya."

"A saki muciya, Inna. Shi za su fara koya mini sosai."

Ta miƙa masa muciyar. "Tuƙa in gani." Ya dogara ƙafa, ya yi ta fama har gumi ya jiƙa shi. Tuwon ya yi gudaji, ba a magana. Amma ta dafa kansa da hannunta mai gari, ta ce, "Je ka, Allah ya yi maka albarka, ya sauko mini da kai lafiya."

Komawa

Mun iso Funtua da Magariba, mun gode wa Allah. A hanya na ga garin masara fari fat a gashinsa, na kai hannu zan kaɗe. Ya riƙe ni, ya ce, "Yaya, bar shi."