Ankon Malama

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba na jin zai kwashe abin da ya shiga tsakanina da malamarmu ta Turanci, shekarar da na koma aji ina da arba'in da ɗoriya. Ni tela ce, shagona yana Hayin Banki. Sau biyu ina zana jarrabawar gama sakandare Turanci yana kayar da ni, shi ya sa na shiga ajin manya da ake yi bayan la'asar a Unguwar Sarki. Nakan tashi daga kan keken ɗinki bayana kamar zai ɓalle, in je in cusa kaina a bencin 'yan firamare, gwiwoyina suna dukan tebur.

Malamar ba ta wuce talatin ba, ga sanyin murya, Anti take ce mini. A makon da abin ya faro tana koya mana darasin da ake kira future perfect, wato yadda Bature yake faɗin abin da zai riga ya gama kafin wani lokaci ya zo. 'Yan aji sai gumi suke yi. Ni kuwa dariya ta kama ni, na ce mata ai wannan darasin namu ne na teloli, da shi muke cin abinci: kafin Juma'a na gama, kafin Sallah na kammala. Aji ya kwashe da dariya har da ita. Ranar ce ta farko da wani abu na Turanci ya shiga kaina ba kokawa.

Da aka tashi ta tsayar da ni, ta ciro leda daga jaka. Atamfar anko ce. Ƙanwarta za a aurar, ranar Alhamis ta sama za a yi kamu. Ta ce, "Anti, ni ce babba, kuma ni ban yi aure ba. Idon kowa yana kaina. Don Allah kada ranar nan ta zo ba ni da shi." Na ce ta sa a ranta an gama. Washegari ma da ta ce kowa ya rubuta jimla tasa, don burga na rubuta da Turanci cewa kafin Laraba na gama ɗinka ankon Malama. Ta ba ni maki da jan biro, ta ɗaga littafina ta nuna wa aji.

Wanda bai taɓa zama a shagon tela ba, ba zai gane yadda muke aiki ba. Ba wanda ya riga kawowa muke fara sallama ba, wanda ya fi masifa ne. Akwai wata Hajiya a Unguwar Rimi da take turo direba safe da yamma. Akwai maƙwabciyata da takan zo ta kafe a benci tana mita har sai na yanka nata a gabanta. Mai haƙuri kuwa kayansa ƙasan tuli suke komawa, don mun san ba zai ɗaga murya ba. Ga shi lokacin bukukuwa ne, na gaji har ba na jin ɗanɗanon abinci. Malama ko sau ɗaya ba ta tambaye ni ba. In mun haɗa ido a aji sai ta yi murmushi, ni kuma in ce a raina gobe.

Ranar Laraba na ƙi zuwa aji. Na ce da safiyar Alhamis zan yanka, doguwar riga ce, awa uku ta ishe ni. Ina buɗe shago sai ga direban Hajiya, ya ja kujera ya zauna, ya ce an ce kada ya koma sai da kayan. Na duƙufa a kan nata, ban ɗago kai ba sai da na ji sallama bayan azahar. Malama ce, hannuwanta sun sha lalle, takalminta sabo. Na buɗe baki zan fara irin tamu, saura kaɗan, guga kawai ta rage, sai na ga inda idonta ya tsaya. Gefen ledarta ne ya leƙo daga ƙasan tuli, ƙullin da ta yi da hannunta ko kwance shi ban yi ba. Ta sunkuya ta zaro abinta, ta ce, "Ba komai, Anti. Sannu da aiki." Wallahi da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Ranar Litinin na ba ta haƙuri, ta ce ya wuce, ta ci gaba da koyar da ni kamar da. Ni ma na ɗauka ya wuce ɗin, don abin da na fi so ke nan.

Bayan mako biyu wata mata ta zo awo tare da ƙawarta. Ina auna ta tana ba ƙawar labarin wani biki da ta je a Unguwar Sarki, wai kowa ya sa anko har maƙwabta, amma yayar amarya ta fito da wani tsohon leshi. Ta taɓe baki ta ce, "Baƙin ciki ne kawai, ƙanwa ta riga ta. Wai tela ce ta ɓata mata. Uwar ta ce ta faɗi wace telar, ta ƙi faɗa. Kin ga kuwa ai ƙarya ce."

Tef ɗin awo yana hannuna a kan kafaɗar matar. Abin da zan ce bai wuce ni ce telar ba. Sai na tuna ɗinkin mutum takwas ta zo kawo mini, kuma wa zai ba da anko ga telar da ta yi wannan? Na ce mata ta ɗaga hannu in auna. Har yau in na tuna muryata a lokacin, kunyar kaina nake ji.

Kwana uku na yi da abin yana cina, sannan na nemi gidan su Malama na je na faɗa wa mahaifiyarta gaskiya. Dattijuwar ta saurare ni har na gama, ba faɗa ba zagi. Ta ce ita ma sai da ta zargi 'yar tata a ranta, ta yi kwanaki tana amsa gaisuwarta ciki-ciki. Sannan ta ce, "To ni kin gaya mini. Wa zai bi gidajen dangi ɗaya bayan ɗaya ya gaya musu?" Magana zarar bunu ce, wannan kuwa ta riga ta zagaye gari.

Na ci Turancin a shekarar, da taimakon Malama. Amma darasin da ya zauna mini shi ne, shirun mai haƙuri ba ya nufin abin bai dame shi ba, mutuncinka kawai yake riƙe maka, wani lokaci ma da nasa yake biya. Tun daga nan duk ledar da ta shigo shagona lamba nake rubuta mata, kuma layi nake bi. Mai masifa ya yi ta yi, ya jira.