Randar Baƙi

Jiya na bi ta gaban shagon marigayi Kawu a Jibiya, sai wayata ta kama intanet ɗin shagon da kanta. Da na ga sunan layin, "Randar Baƙi", sai na tsaya a tsakiyar titi ina dariya, masu babura na ta danna mini hon.

Kawu yayan mahaifiyata ne, aikinsa buga takardun manyan motoci masu tsallakawa Maraɗi. Wata ranar kasuwa kwamfutarsa ta ƙi aika komai ga firinta, ga direbobin gero a layi suna ta gumi. Ya kira ni. Na taɓa kowace waya, na kashe na'urar intanet ɗin na kunna, shiru. Da na duba masu amfani da layin, sai na ga rabin tasha na ciki.

"Kawu, wa ka ba lambar sirri?"

"Duk wanda ya yi sallama mana," in ji shi, yana kurɓar shayinsa mai ƙamshin citta. "Baƙo ya roƙi ruwa ka hana shi?"

"Ai har takardun mutane za su iya gani!"

Ya ajiye kofin. "A'a, wannan amana ce. Kulle."

Na raba layin biyu, na aiki a kulle, na baƙi daban mai suna "Randar Baƙi". Firinta ta fara aiki, direbobi suka yi shewa. Kawu ya ɗauki alli ya rubuta lambar baƙin a jikin randar ƙofar shago.

Allah Ya shayar da kai, Kawu, kamar yadda ka shayar da mutane.