Baba Jakada Bai Rufe Ofis Ba

Ni suruka ce, bakina ba ya ɗaukar sunan uban mijina. Ku dai sani sunan sahabin nan Siddiƙu gare shi. Amma in ka shigo Danchadi kana cigiyarsa da wannan suna, sai ka gaji da yawo a banza. Ka ce Baba Jakada, ko akuyar bakin hanya ta nuna maka gidanmu.

Kada ku ɗauka wani babba ne. Direba ne. Tun yana saurayi ya bi motar albasa zuwa Legas, ya koyi tuƙi, Allah ya haɗa shi da aiki a ofishin jakadancin wata 'yar ƙasa da ke tsakiyar teku. Da ofishin ya koma Abuja ya bi su, bai dawo gida gaba ɗaya ba sai da gemunsa ya yi fari fat. Sunan ƙasar ya fi ƙarfin harshenmu, kowa ya gwada sai ya ciji leɓe, don haka muka sa mata Ƙasar Baba muka huta. Ya ce mutanenta duka ba su kai na Bodinga da Shagari a haɗe ba.

Abin da ya dawo da shi bai taka kara ya karya ba: akwati, rediyo, ciwon gwiwa, da wata 'yar tuta shuɗiya da ake maƙalawa a goshin motar jakada, wadda suka ba shi ranar sallama. Yana naɗe ta a cikin ɗankwalin marigayiya matarsa. Sa'ad da aka kawo ni amarya daga Bodinga na ɗauka hankici ne.

Ni ce mai jin labarinsa, don ni ce ba ni da wurin gudu. Ina tsince gero a tsakar gida, shi yana bakin zaure yana zuba. Ya ce in ana taron jakadu, na manyan ƙasashe su zo da jerin motoci da jiniya, shi kuwa ya zo da motarsa guda, a tura shi can ƙarshen layi cikin rana. Direbobi su riƙa tsokanarsa, wai ko ƙasarsu tana da wurin juya mota.

"Amma ɗiyata," in ji shi, "a babban zauren duniya, in anka zo ƙuri'a, kowace ƙasa hannu guda take ɗagawa. Mai jirgin yaƙi hannu guda, mu ma hannu guda."

Labarin da ya fi so shi ne na ɗan jarida. Wani mutum ne daga wata babbar ƙasa, hukumar ƙasarsu na nemansa ruwa a jallo saboda abin da ya rubuta, ya sheƙo a guje ya faɗa ƙofar ofishinsu Baba. Ita kuwa babbar ƙasar nan, ita ke sayar wa Ƙasar Baba shinkafa da mai. Ta ce a ba ta mutuminta. Jakadiyar, wata tsohuwa siririya mai shan shayi ba sukari, ta ce ƙasarsu ba ta miƙa ɗan Adam ga mai fushi, sai ga alƙali. Aka daina gayyatarta ko'ina. Amma duk mako sai ta sa Baba ya kai ta ofishin masu fushin. Su bar ta zaune a benci, ta zauna abinta, ta bar saƙon gaisuwa, ta dawo. Haka ta yi ta yi har aka sasanta, mutumin ya fita da ransa.

"Ba mu ba da mutumin ba, kuma ba mu bar gaisuwa ba," haka Baba ke rufe labarin kullum. "Ƙaramar ƙasa ba ta rufe ofis, Safinatu."

Ni kuwa in ce, "To Baba, Allah ya ƙara wa Ƙasar Baba girma," ina dariya a ciki. Tatsuniya na ɗauke shi, gaskiya.

Maigidana, Baban Bahijja, shi ne autan Baba, kuma shi ko kaɗan ba ya tsayawa jin labaran nan. Ya tashi uban yana can, sai da salla ake ganinsa. Shi ya riƙe gona, shi ya riƙe lambun fadama. Mutum ne marar surutu, amma kowace safiya bayan ya dawo masallaci sai ya je bakin zaure ya durƙusa ya gaida Baba, kamar yadda kowane ɗa ke yi. Ban taɓa ganin ya tsallake ba.

Bara waccan albasarsa ta yi kyau ƙwarai. Tun sanyi yake fama da ita, dashe, ban-ruwa, cire ciyawa, har tafin hannunsa ya tsattsage. Saura ƙiris a cire, sai ga shanun Lirwanu. Lirwanu makiyayi ne daga wajen Mandera, mun san shi, matarsa Fatu ce ke kawo mana nono. Wata babbar mota ce ta danna wa garken oda a kan hanya, shanun suka firgita suka gangara fadama. Kafin ya tare su, sun tattake lambun maigidana kaf. Na je na gani daga baya, na yi kuka har da majina.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne, ina dama fura, na ji ihu. Lirwanu ya faɗo zaurenmu ba sallama, ba hula, jini na bin gefen fuskarsa. A bayansa samari da sanduna. Kun san yadda zamanin nan ya zama, tsoro ya cika zukata, in aka ga Bafulatani yana gudu ba a tsayawa tambaya. Wani ya yi ihu wai ɗan leƙen asirin 'yan bindiga ne. Innalillahi! Mutumin da muke shan nonon shanunsa shekara da shekaru! Kalma ɗaya ta mai da ɓarnar albasa ta zama maganar rai.

Baba ya miƙe da gwiwar nan tasa. Ya ce mini, "Ɗauko min tuta." Na tsaya ina kallonsa, na ce a raina tsohon nan ya zautu. Ya maimaita, na ɗauko. Ya soke sandarta a tsagar bangon ƙofar zaure, ya tsaya a tsakiyar ƙofa, ya ware hannuwa.

"Mi kuke biɗa?" in ji shi.

Suka ce a fito musu da shi.

"Shina ciki, ban ɓoye muku ba. Amma wanda ya shigo zaurenga ya shigo wata ƙasa. Ba ni miƙa shi ga mai fushi. A kira maigari, a kira arɗo, su ne alƙalai."

Wani daga baya ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Kai, Baba Jakada ya buɗe ofis!" Wasu suka taya shi. Dariyar nan ta ɗan kwantar da ƙura, wasu sanduna suka sauka. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Maigidana ne a gaba, taɓon fadama har gwiwa, idanunsa jawur, sanda a hannu.

"Baba, ka matsa," ya ce. "Lambuna ne."

"Na sani, Maniru. Sai dai ka tsallake ni."

A gaban mutane ya faɗa masa haka. Maigidana ya dubi ubansa, ya dubi tutar, ya yar da sandar, ya juya ya tafi. Ni na wanke wa Lirwanu goshi da ruwan ɗumi da gishiri, na ba shi furar da nake damawa. Shi kuwa kuka yake yi, yana cewa wallahi ba shi ya kora shanun cikin lambu ba.

Da la'asar maigari da arɗo suka zauna. Aka tabbatar ba ruwan Lirwanu da 'yan bindiga. Aka yanke ya ba da maraƙi, kuma shanunsa su riƙa kwana a gonar geron maigidana duk rani don su zuba mata taki, kamar yadda iyaye suka saba yi. Kowa ya ce an yi adalci. Maigidana ya karɓa da ka kawai.

Washegari ya dawo masallaci ya wuce zaure kai tsaye, bai durƙusa ba. Jibi ma haka. Ya koma shiga gida ta ƙofar baya, wajen turken awaki. Na ce masa, "Haba Baban Bahijja, ubanka ne fa!" Na yi lallashi, na yi faɗa, na ƙi yi masa magana ni ma, duk a banza. Ranar da ya buɗe baki, ba zancen albasa ya yi ba.

"Muna yara ya bar mu ya tafi yi wa baƙi hidima," ya ce. "Na yi haƙuri, na ce neman abinci ne. Yau ga shi a gida, a gaban jama'a, baƙo ya sake zaɓa."

Akwai gaskiya a maganarsa. Tsorona ɗaya ne, kuma da shi nake kwana da shi nake tashi: Baba tsoho ne, ga gwiwa, ga tari ya fara. In Allah ya ɗauke shi suna haka, mijina ba zai ƙara samun kwanciyar rai ba har ya mutu. Ina son mutanen nan biyu, kuma ina kallon gidana yana rabewa ina tsaye da ludayi a hannu.

Baba bai aika a kira shi ba. Bai kai ƙara wajen limami ba, bai yi masa baki ba. Abin da ya yi, ko a mafarki ban zata ba. Wata safiya ina hura wuta, na ji ƙwas-ƙwas na sanda. Sai ga Baba ya ratso tsakar gida, ya sa wankakkiyar riga da hula kamar mai zuwa ɗaurin aure, ya tsaya a ƙofar sashenmu ya yi sallama.

"Na zo gaida mai gida. Mun kwana lafiya, Maniru?"

Uba ya zo gaida ɗa! A garinmu! Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Maigidana yana ɗaki, yana ji, bai amsa ba. Baba ya ɗan tsaya, ya ce mini, "A faɗa mishi na zo," ya juya.

Kashegari ya dawo. Ya kuma dawowa. Magana ta fita gari, mata suna yi mini tsegumi a bakin famfo, wai wane irin gida ne ruwa ke gudu sama. Na same shi na ce, "Baba, don girman Allah ka daina, ana zagin ɗanka." Ya ce shi bai zo ba da haƙuri a kan Lirwanu ba, don in an sake, haka zai sake yi. Gaisuwa kawai yake kaiwa. Na tuna tsohuwar nan mai shayi ba sukari a kan benci, na ji haushinta kamar na san ta. Ita ta koya masa wannan taurin kai.

Maigidana ya koma fita tun kafin Baba ya iso. Baba bai fasa ba, ya gaida ƙofa, ya bar saƙo, ya koma. Rani ya yi nisa, shanun Lirwanu suna kwana a gonarmu, Fatu ta ci gaba da kawo nono, tana ajiye wa Baba nasa daban. Tarin kuwa sai ƙaruwa yake. Daga zaure zuwa sashenmu ba nisa, amma ya kai sai ya huta a jikin rumbu kafin ya ƙaraso.

Rannan injin ban-ruwa ya lalace, maigidana ya tsaya a ƙofar ɗaki yana kwance shi, bai fita da wuri ba. Ƙwas-ƙwas, sai ga Baba. Suka yi ido huɗu, karo na farko tun ranar tuta. Baba ya yi sallama. Shiru. Sai na ga ya jingine sandarsa a bango, ya dafa ƙofa, ya fara lanƙwasa gwiwar nan mai ciwo. Durƙusawa zai yi.

Wallahi ban san sa'ad da na saki murfin tukunya ba. Maigidana ya yi tsalle, ya ture injin, ya cafe shi ta hammata kafin gwiwar ta taɓa ƙasa.

"Baba! Baba, don Allah kar ka yi! So kake in shiga wuta?"

Ya riƙe shi a ƙirji, tsohon ba nauyi kamar damin kara. Baba yana haki, ya ɗora hannu a kan ƙeyarsa.

"Albasarka ta yi min ciwo, Maniru. Na je na gani, ban iya cin abinci ba. Kuma na san na bar ku da yawa kuna ƙanana, wannan ba ni da ta cewa." Ya ja numfashi. "Amma ranar nan ba Lirwanu kaɗai na tare wa ƙofa ba. Da sandarka ta sauka a kansa, yau a ina zan same ka in gaishe ka?"

Mijina, mutumin da ban taɓa ganin hawayensa ba, wanda aka ce ko ranar da uwarsa ta rasu bai yi kuka ba, ya sulale ya durƙusa, ya kifa kansa a kan ƙafafun ubansa yana sheshsheƙa. Ni ma ina daga bakin murhu ina nawa. Kunun ranar ya ƙone ƙurmus, haka muka sha shi.

Washegari da sassafe na leƙa zaure. Baba ya sa riga da hula, ya miƙa hannu zai ɗauki sanda don ya taho wajenmu, sai ya tarar an riga shi. Baban Bahijja na durƙushe a ƙofa, ƙarƙashin 'yar tutar nan da rana ta fara koɗar da ita.

"Ina kwana, Baba."

Baba ya mayar da sandar ya jingine. Ya dube shi ya ce, "Lafiya lau, Maniru. Shigo daga ciki, rana na dukanka."