Anti Rabi da kafaɗar maigidana

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina tsaka da wanke-wanke da safen nan Madam Ladi ta kira ni daga Sabon Tasha. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba. Ta ce, "Amarya, Antinmu ta tafi." Na ce ta tafi ina? Sai ta fashe da kuka.

Anti Rabi ta rasu. Kwana huɗu kacal ta yi a kwance.

Wanda bai san ta ba, likitar fisiyo ce, waɗanda muke ce wa masu gashin ƙashi, a wani asibiti a nan tsallaken kogi. A bencin jiranta muka saba da Madam Ladi, ita tana kawo gwiwarta, ni ina rako maigidana.

Tun safe nake rubutawa ina gogewa. Bari dai in faɗi abin da ta yi mana.

Maigidana aikin wayarin yake yi. Rabin rayuwarsa a kan tsani take, hannu a sama, yana ɗaura fanka ko jan waya a silin. Wata biyar da aurenmu tsani ya zame da shi a wani gini a Kakuri, ƙashin damtsensa na dama ya karye dab da kafaɗa. Aka rataye masa hannun a wuya da ƙyalle. Da lokaci ya yi likita ya ce a cire ƙyallen, ya fara motsa hannun kaɗan-kaɗan, ya kuma je fisiyo.

Ni ce na hana.

Kun san ni da karatun littattafai. Tun ina 'yan mata nake jiran ranar da zan yi jinyar mijina yadda ake yi a labari. To ga ranar ta zo. Ni nake ba shi abinci a baki. Ni nake sa masa riga, in ɓalla maɓalli, in ɗora masa hula. In ya miƙa hannu zai ɗauki kofi sai in ce, "Haba, ina raye?" Ƙyallen da aka ce a cire, na wanke shi na goge na turara shi da turaren wuta na mayar masa.

Ƙashi ya haɗe. Kafaɗa kuwa ta ƙage. Ko kunnensa ba ya iya taɓawa. Mai aikin silin wanda hannunsa ba ya wuce ƙirji, wane aiki ya rage masa? Sai ya zauna a ƙofar gida a Nasarawa yana kallon abokan aikinsa suna wucewa da tsani a kan babur. Na daina jin dariyarsa.

A haka muka je wurin Anti Rabi.

Ba ta taɓa shi ba sai da ta ɗaga hoton ƙashin a jikin taga ta daɗe tana dubawa, ta kuma karanta takardar likita. Sannan ta ɗora tafinta a bayan kafaɗar, ta riƙe damtsen da ɗaya hannun, ta rufe ido tana motsa shi a hankali. Kamar mai sauraren wata magana a cikin jiki.

Da ta buɗe ido, hularsa ta kalla.

"Injiniya, wa ya sa maka hular nan? Ta zauna daram."

Ya juyo ya dube ni. Ni kuwa na gyara zama, na ɗauka yabo ne ke tafe. Na ce, "Ni ce, Anti. Ko cokali ba na bari ya ɗaga."

Ta kalli littafin da ke leƙowa daga jakata, ta kalle ni. "Amarya, a shafi na nawa aka rubuta miki haka?"

Nas ɗin da ke wurin sai da ta fita waje don dariya.

Amma Anti ba ta bar ni da kunyata ba. Ta ce, "Zo nan, kawo hannunki." Ta ɗora tafina a inda nata yake, ta dafa shi da nata, ta ɗaga hannunsa sannu a hankali har ya tsaya cak. "Kin ji? Nan ne ƙofar ta cije. Gaɓa in ba a motsa ta ba, jikin da ya lulluɓe ta ƙanƙancewa yake. Ke kika taya shi rufe ta da soyayya, ke za ki taya ni buɗewa."

Ban taɓa jin wani ya yi mini faɗa ya kuma ba ni girma a numfashi ɗaya ba sai ranar.

Aikinta abin kallo ne. Ta fara ɗora masa tawul mai ɗumi. Sai ta kwantar da shi, ta kama kan ƙashin da yatsunta tana tura shi ƙasa kaɗan, baya kaɗan, tana saki, tana maimaitawa, tana kallon fuskarsa. Hira take ja da shi, ta ƙwallo, ta tsadar waya, ta zaman sarakuta, har ya manta ya saki jiki. A nan take ƙara ɗan taki. In wani ya ce mata mai tausa, sai ta ce, "Tausa a gida ake yi. Ni gaɓa nake lallashi."

Ba ta taɓa fizgar hannu ba. Ta koya mana cewa zafin miƙewa daban, zafin da ke sara kamar wuƙa daban. Na farko a daure a ƙirga ashirin. Na biyu a tsaya nan take a kira ta.

Ta ba mu aikin gida. Ya sunkuya ya bar hannun yana lilo. Ya riƙe sanda da hannu biyu, mai lafiyar ya tura marar lafiyar sama. Na ce ba mu da sanda. Ta ce, "Ba ki da muciya? Ko tuwon ma a littafi kike tuƙawa?"

Sai hawan bango da yatsu. Kullum da safe ya tsaya gaban bangon falo, yatsunsa su yi ta rarrafe sama, inda suka tsaya in ja layi da gazal ɗina.

Kada ku ɗauka da daɗi. Mutumin da na saba shagwaɓawa, yau ni ce ke tsaye a kansa ina cewa saura biyar. Yana gumi yana cewa, "Wallahi matar nan ta lalata min ke. Ina amaryata mai tausayi?" Ina cewa, "Ta yi tafiya. Ɗaga hannu."

Akwai sati biyu da layin bai motsa ba ko da faɗin farce. Ya jefar da muciyar, ya ce shi ya haƙura, zai nemi gadi. Na shiga kicin na kira Anti ina kuka, na ce na nakasa mijina da hannuna.

Ta bar ni na gama. Sai ta ce, "Kin ci abinci?" Na ce a'a. Ta ce, "Je ki ci. Gobe ku zo da wuri, kafin layi."

Washegari ta auna shi da 'yar rularta mai lanƙwasa, ta nuna masa lambar ranar farko da ta yau. Ta ce, "Bango bai gani ba, amma hannuna ya ji. Wurin da ya cije ya fara laushi. Injiniya, kai da kake bin waya ɗaya a cikin bango har ka gano inda ta tsinke, kai ne za ka gaji?"

Ya koma ya ɗauki muciya.

Ranar da yatsunsa suka wuce makunnin fitila, sai da maƙwabta suka leƙo saboda guɗar da na yi.

Yau shekara guda ke nan yana kan tsaninsa. Mai gidan haya ya yi fenti, na hana a taɓa bangon nan.

Ganina da ita na ƙarshe sati uku ne da suka wuce. Fankar ɗakinta a Tudun Wada ta tsaya, maigidana ya ce babu mai taɓa ta sai shi. Na bi shi. Yana sama yana aiki, ita ko kallon fankar ba ta yi, kafaɗar take kallo. "Injiniya, sauke ta daga kunnenka. Har yanzu kana satar hanya."

Ta ɗauko mana lemo. Sai na ga tana fama da murfin robar. Manyan yatsunta sun kumbura a gindi, shekara da shekaru suna danna gaɓoɓin mutane. Na yi wuf zan karɓa. Ta janye.

"Amarya, kin fara ko?"

Muka yi dariya. Ta daɗe, amma da kanta ta buɗe.

Na ce mata wata rana zan rubuta littafi in sa ta a ciki. Ta ce, "Wa zai sayi labarin da tauraruwarsa ke sa maza kuka da rana tsaka?" Da ta rako mu ƙofa ta riƙe hannuna ta ce, "Ki so shi yadda kike so. Hular dai ki bar masa."

Ban san sallama muke yi ba.

An yi jana'izarta bayan Azahar. Yanzu maigidana ya shigo. Ya ce bai taɓa ganin taro irin wannan ba: masu sanda, masu ɗingishi, 'yan Keke, 'yan kasuwa, har mijin Madam Ladi da mutanen cocinsu sun tsaya a gefe har aka gama. Ana ta rububin ɗaukar makara, kowa na so ya samu.

Na ce, "Ka samu?"

Ya ce, "Sau uku. Duk a ta dama." Ya dafa kafaɗar. "Na ɗaga ta sama da kaina, ban ji komai ba."

Hularsa ta karkace. Hannuna har ya tashi, sai na mayar da shi.

Ya gyara abarsa da kansa.

Ya Allah, hannuwan nan da suka gaji wajen miƙe bayinka, ka hutar da su. Ka jiƙan Anti Rabi, ka yalwata mata kabari, ka sa duk gaɓar da ta buɗe ta zama shaida a gare ta. Ka ba 'ya'yanta da marasa lafiyarta haƙuri.

Don Allah, duk wanda ya karanta har nan, ya ɗaga hannu ya yi mata addu'a. In hannunka na ɗaguwa ba tare da ciwo ba, ka ɗaga shi sosai.