Fankar da Aka Juya wa Inji

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da aka raba ni da fankata ba. Ku da kuka shigo aikin sharar nan jiya-jiya, ku saurara.

Na tsufa ina shara a wani shagon kafintoci a Tudun Wada. Ban yi boko ba, amma duk mai kiwon kaji daga nan har Gyallesu ya san buhun garin katakona, ni Inna Ladi, ba ƙusa a ciki, ba tsakuwa. Yadda aikin yake, maza na yanka katako, wani babban inji na zuƙe ƙurar yana tarawa a jaka. In sun kashe inji sun tafi azahar, sai ni in shiga in kwance jakar, in share, in ɗura a buhu. Rufin kwano ne, taga ɗaya. Akwai wata fanka a bango mai makunninta daban, ita nake kunnawa ta kore mini ƙura, don ƙirjina ya daɗe da tari.

Ranar wata Talata cikin zafin bazara, injin zuƙar ya ɗau zafi har ya fara ƙauri. Alhaji mai shago ya kira Mista Okey, mai gyaran wuta. Ya duba ya ce iska injin ke so. Ina tsaye ya kwance fankata, ya kafa ta saitin injin, ya cire makunnin, ya haɗa wayarta da ta injin. In an tayar da inji ta tashi, in an kashe shi ta mutu.

Kafintoci har da tafi. Babbansu, Malam Sale, ya ce, "Inna, kin ga fasaha? Yanzu ba mai mantawa da ita a kunne."

Na ce, "To ni da nake shiga in an kashe fa, ɗan nan?"

Mista Okey ya sosa ƙeya ya ce, "Mama, gaskiya ne fa. Alhaji, in bar mata makunni ɗaya? Ba wuya."

Alhaji bai ko ɗago daga wayarsa ba. "A'a, bar shi haka. Fankar ta inji ce. In ya ƙone daga Legas ake kawo wani."

Na ce, "Alhaji, ni in na ƙone daga ina za a kawo?"

Ya yi dariya. "Kai, Inna ba dai baki ba! Ki ɗaura ɗankwali a hanci mana."

Na ɗaura. Na daure har azumi ya kama. Wata rana ina kwance jakar, ƙura ta turnuƙe, numfashina ya tsaya cak. Na durƙusa ina kallon fanka a bango, ga wuta, ga komai, ba abin da zan danna. Da rarrafe na fita. Da suka dawo daga masallaci, abin da Malam Sale ya fara tambaya shi ne me ya sa ba a gama shara ba.

Na miƙa masa tsintsiyar, na yafa mayafina na bar musu shagon. Ban roƙi kowa ba.

Abin da na koya ke nan. A wannan sana'a, kowa kunnensa na kan inji, ko ɗan canza kuka ya yi sai a taru a kansa. Ni na yi ta tari a gabansu, sun ɗauka gyaran murya nake yi.