Karen Segomotso da Makullin Mota

Ana ta yaɗawa a Serowe wai taubashiyata Segomotso ba ita ke tuƙa motarta ba, karenta ne. Wai shi ke riƙe sitiyari da ƙafafun gaba, ita nata kawai ta taka birki in ya ba ta umarni. Wata mai sayar da tumatir a tasha har rantsuwa ta yi cewa ta ga lasisinsa da idonta, da hotonsa a jiki, ya ɗaura taye. To ni da nake ɗan gwaggonta, kuma na fi kowa shan wuya a cikin motar nan, bari in wanke ta. Ƙarya ce. Modumo, wato karen, ba shi da lasisi. Maganar taye kuwa ni na ƙara, ranar ina cikin nishaɗi. Da ma tuƙin yake yi da mun huta, don mai tuƙi ba ya samun sukunin yi wa mutane amai a cinya.

Segomotso 'yar kawuna ce, ta girme ni da shekara biyu. Shekara ashirin da bakwai ta yi tana dafa wa 'yan firamare wake da tuwon dawa a wata tukunyar ƙarfe mai ƙafa uku, wadda za a iya yi wa jaki wanka a ciki. Mace ce mai tsaftar da ta wuce hankali. Kullum da safe sai ta durƙusa ta goge daɓen ƙofar ɗakinta da jan man nan mai sa daɓe sheƙi, har ƙuda in ya zo saukowa sai santsi ya kwashe shi. Ni kaina ba ta bari in zauna a kujerarta sai ta shimfiɗa jarida.

Wannan matar ce mijinta Otsile ya mutu ya bar wa abu uku: farar akori-kura mai kujera ɗaya, shanu goma sha tara a ruga can bayan Mmashoro, da kuma Modumo.

Kalar Modumo kalar ruwan wanke-wanke ce. Kunne ɗaya a tsaye, ɗayan ya gaji da duniya ya kwanta. Miyau na zuba daga bakinsa kamar famfon da ya lalace, kuma in ya yi hamma a cikin mota sai gilashi ya yi hazo, kai kuma ka tuna duk mushen da ka taɓa wucewa a rayuwarka. A gida lafiya lau yake, kwance ƙarƙashin bishiya kamar dattijo. Amma da zarar ya ji ƙarar makulli, sai aljanunsa su tashi.

Laifin marigayi ne, Allah ya ji ƙansa. Da idonsa ya fara rauni, bai je asibiti ba, don a cewarsa tabarau na malaman makaranta ne. Sai ya ɗora karen a kujerar gaba ya koya masa aiki: duk saniyar da ya hango a kan titi ya yi haushi, shi kuma ya taka birki, ya ciro phane ɗaya daga aljihu ya jefa masa. Phane dai busasshiyar tsutsar nan ta itacen mopane da muke ci da tuwo. Saniya ɗaya, tsutsa ɗaya. To a hanyar Mmashoro wa zai ƙirga shanu? Nan da nan Modumo ya gane kasuwar tana ci, sai ya faɗaɗa sana'a. Ya yi wa jaki, ya yi wa akuya, ya yi wa suri, ya yi wa allon hanya mai hoton saniya. Akwai ranar da ya yi wa wata ƙatuwar mata mai jar atamfa, Otsile kuwa ya taka birki ya biya shi.

Da Segomotso ta gaji motar, ba ta san da wannan yarjejeniya ba. Ita dai ta ga in ta cusa masa tsutsa a baki yakan yi shiru na ɗan lokacin taunawa. Sai ta riƙa tafiya da roba guda cike. Ya yi haushi, ta cusa. Ya haɗiye, ya sake. Kafin a bar kwalta a shiga yashi ya ci rabin roba, yashi kuma ya fara jijjiga mota. Sauran ba sai na faɗa ba, amma zan faɗa, don ni aka yi wa. Tsutsa takan dawo da ɗuminta, ta kumbura, ta koma kamar mai rai, da kore-koren ruwa. Kullum a cinyata. Ko sau ɗaya bai taɓa yi wa uwar ɗakinsa ba.

Za ka ce me ya kai ni? Ina da akuyoyi shida a rugar nan, ba ni da mota. Shi ke nan.

"Taubashiya," na ce mata wata rana ina kankare wandona da kara a bakin hanya, "ki bar wannan masifar a gida mana."

"Na gwada," in ji ta. "Ya tsinke igiya ya bi ni har gidan mai, ƙafafunsa duk jini. Kai wa ya taɓa bin ka ko zuwa bakin ƙofa?"

A watan Mayu abin ya wuce wasa. Wata saniya ta fito daga ciyawa, Modumo ya daka tsalle ya faɗa kan sitiyari, mota ta bar hanya ta tumɓuke turaku biyu na shingen wani mutum. Ba wanda ya ji ciwo, in ban da ni da na ciji harshena. Amma labari ya kai Gaborone wurin ɗanta Mothusi. Yaron nan ma'aikacin ofis ne, mai rigar da ba ta taɓa ganin ƙura ba, mai wanke hannu da wani ruwan kwalba bayan ya gaisa da dangi. Ya bugo waya, ni kuwa ina gefe na kasa kunne.

"Mma, ya isa haka. Ƙarshen wata zan zo mu je ruga tare. In na ga karen nan yana hauka a mota, makulli zan karɓa. A sayar da motar, ki dawo wurina, akwai ɗaki a baya."

Ta ajiye wayar. Ni na san abin da ɗakin baya yake nufi. Ba mota, ba ruga. Ba ruga, makiyayi zai fara kawo labarin kura ta ci wannan, maciji ya sari waccan, har goma sha tara su koma labari. Ita kuma ta zauna gaban talabijin a gidan suruka tana jiran a kira ta cin abinci. Matar da ta san kowace saniya da sunanta da sunan uwarta.

Washegari ta je wurin wata ma'aikaciyar dabbobi, ta dawo da dokoki a rubuce a bayan kalanda. Kada ya ci komai kafin tafiya. A gajiyar da shi da gudu tukuna. A sa shi a keji a bayan mota, a rufe da bargo don kada ya ga hanya. Sannan babbar doka: tsutsa ta mai shiru ce, mai haushi ko kallo kada a yi masa. A fara da mota a tsaye, a tsakar gida, har ya saba ganin saniya bai ce uffan ba.

"Saniya a tsakar gida?" na ce. "Ina za ki samo ta?"

Ta dube ni tun daga sama har ƙasa.

Sati uku, jama'a. Sati uku ina rarrafe a tsakar gidan Segomotso da jan bargon marigayi a bayana, mai warin kare da tsohon gumi, da murfin bokiti ɗaure a ka. Ita tana zaune a mota da karen, tana ba da umarni ta taga. "Ditiro, rage sauri, saniya ba ta gudu haka! Kaɗa kai! Wace irin saniya ce ba ta kuka?" Maƙwabta suka riƙa jingina da katanga da kofin shayinsu. Hannuna ya taka abin da Modumo ya ajiye a tsakar gida ya fi sau goma, don shi ba ya zaɓen wuri. Ranar farko haushi ya yi har muryarsa ta dushe. Rana ta biyar ya yi shiru na ƙiftawar ido, ta jefa masa tsutsa, ya tsaya yana kallonta kamar an canja masa gwamnati. Rana ta goma sha biyu na wuce ta gabansa sau huɗu, hamma kawai ya yi. Daga nan muka fara zagaya unguwa da keji a rufe, sai ƙugi kaɗan, sai shiru.

Ranar Asabar ɗin ƙarshen wata Mothusi ya iso da farin takalmi. Tun da safe an sa ni na zagaya filin ƙwallo da karen sau shida, har ni na fi shi fitar da harshe. Uwa da ɗa suka shiga gaba suka ɗaga gilashi saboda ƙura. Ni aka ce in hau baya in riƙe keji.

"Kawu, ka zauna daidai?" in ji Mothusi.

"Kamar sarki, ɗana. Ni da ƙaninka."

Muka wuce shanu sun fi ɗari a kwalta, Modumo ko tari. Ina leƙawa ta gilashin baya ina ganin yaron yana waiwayowa, yana mamaki. Sai dai warin da ke fitowa daga ƙarƙashin bargon nan, ni kaɗai na san shi. Cikin da ba abinci ashe iska yake tarawa.

Bayan Mmashoro muka sauka yashi. A yashi ba a rage gudu, in ka rage ka nutse, don haka Segomotso ta ba ta wuta. Mothusi ya sunkuya yana latsa waya. Ni da nake tsaye a baya na hango ta tun daga nesa: wata furɗar saniya kwance a tsakiyar hanya, kalarta ɗaya da yashin, tana tuƙa abinta. Na jira a rage gudu. Ba a rage ba. Nan take na gane abin da ba wanda ya gane a cikinmu, har da ita: shekara uku matar nan ba da idonta take ganin shanu ba, da bakin kare take ganinsu. Mu kuma mun ɓata sati uku mun toshe bakin.

Na yi ihu, "Saniya! Segomotso, saniya!" Na doki rufin mota. Ta ɗaga hannu ta yi mini alamar in zauna, ko waiwaye babu. Ba na ganin laifinta sosai. Tun muna yara nake yi mata ihun maciji a inda babu maciji.

Saura kamar taku talatin. Na manna bakina a gilashin baya, na tattaro duk abin da kunnena ya sha a shekara uku, na yi haushi. Ba na wasa ba, irin na Modumo, mai fita daga ciki yana karyewa a ƙarshe.

Ƙafarta ta taka birki kafin kanta ya yi tunani. Mota ta ja yashi ta tsaya, hancinta saura taku biyu ya taɓa saniyar. Saniyar ta dube mu, ta ci gaba da tuƙa. Ni kuwa keji ya taho ya danne ni a kusurwa, ƙofarsa ta buɗe, Modumo ya faɗo a ƙirjina. Na ce cikinsa ba abinci, ko? Ashe a filin ƙwallo ya tsinci wani mataccen ƙadangare ban gani ba. A wuyan rigata ya sauke shi, har cikin singileti.

Mothusi ya fito daga mota. Ya dubi saniya, ya dubi keji.

"Mma, sau ɗaya ya yi haushi tun daga Serowe. Sau ɗaya, kuma a inda ya dace. Ta cikin bargo ma! Wannan ai ba kare ba ne, mala'ika ne."

Ya miƙa hannu zai shafa shi, ya ga abin da ke jikina, ya fasa. Segomotso ta dube ni ta madubi. Na dube ta. Ta san muryar karenta, ta kuma san tawa. 

Makulli ya zauna a jakarta. Ran Litinin, bayan yaron ya koma, ta shiga motar haya ita kaɗai ta tafi asibitin ido, ta dawo da tabarau mai kaurin gindin kwalba. Yanzu tana hango saniya tun tana cikin uwarta. Modumo yana tafiya a kejinsa shiru, sai iskar da yake saki, wadda har yau ba a samo mata doka ba.

Jiya na same ta durƙushe tana goge daɓe, na tsaya a kanta.

"Makauniyar Serowe, ina kwana? Kin san da ba don ni ba da yanzu kina ɗakin baya kina wanke wa suruka kofi? Bari Mothusi ya zo Kirsimeti, sai na zaunar da shi na ba shi labarin mala'ikan nan tun daga farko."

Ta gyara tabarau, ta dube ni da kyau, kamar yau ta fara ganina kuma abin bai yi mata daɗi ba.

"Ka ba shi mana. Ni dai sati uku na yi ina koya wa kare rufe baki, ya koya. Kai shekara hamsin da shida dangi na fama da kai. Ɗaga mini ƙafa daga kan daɓe, kafin in sa a auna ka a ƙera keji na biyu."